Mai Share wa Alfadara Yashi

Aikin wata uku aka ɗauki Eusebio Lugo, wanda kowa ke kira Chebo. Haka aka faɗa masa a cibiyar binciken sararin samaniya da ke gindin duwatsun Pasadena, haka shi ma ya je ya faɗa wa yayansa Hilario.

Su biyu suka gaji garejin mahaifinsu a Bakersfield, suna gyaran taraktoci da a-kori-kurar masu aikin gonar inabi. Gareji ne da ba ya tafiya da mutum ɗaya. Hilario ne babba, shi ke da baki da sanin mutane. Chebo shi ke da haƙurin kwana uku a kan inji guda. Tun yana yaro ba ya iya wuce inji bai leƙa cikinsa ba, wannan halin ne kuma ya kai shi Pasadena da ya ji ana neman bakanike.

"Wata uku?" in ji Hilario, yana goge hannu da tsumma. "Kai da bakinka?"

"Su da suka ƙera ta ne suka faɗa, Yaya. Ƙura za ta rufe mata faifan hasken rana, batir ya ƙare, shi ke nan. Ranar da ta mutu, a gidan nan zan kwana."

"To Allah ya ɗauki ranta da wuri. Kuma kada ka taɓa mini sifanu, ka tafi da naka ruɓaɓɓun."

Abar da ake jiran mutuwarta mota ce marar direba, girmanta bai wuce amalanke ba. Tayoyinta shida, da dogon wuya mai ido biyu, an harba ta duniyar Mars ta je ta shinshina duwatsu. Tana da suna mai daɗi da 'yan makaranta suka zaɓa mata, amma ma'aikata Alfadara suke ce mata, saboda nawa da taurin kai. Tagwaye aka ƙera. Ɗayar ba ta je ko'ina ba, tana cikin wata ƙatuwar rumfa da aka cika da yashi. Dokar wurin ita ce ba a aika wa ta sama umarni sai an gwada a kan ta ƙasa. Idan za ta hau tudu, sai an tara tudu a rumfa an hau. Idan za ta kewaye dutse, sai an kawo dutse.

Chebo ne mai rumfar. Shi ke jera duwatsu yadda suke a hoto, shi ke shafa wa tayoyi mai, shi ke bin yashin da manjagara bayan kowane gwaji ya baje shi sumul, don a iya karanta sabon sawu. Lokacin aikin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yinin Mars ya ɗan fi namu tsawo, saboda haka sa'ar da Alfadara ke farkawa ta aiko saƙo kullum matsawa take yi. Wannan makon da hantsi, bayan kamar kwana goma da la'asar, haka take zagaya agogo. Mutum ba ya iya yi wa kowa alkawarin cin abinci.

Da wata ukun suka cika, aka sayo kek na bankwana. Chebo ya riga ya loda akwatin kayan aikinsa a bayan mota. Sai Doreen Tashiro, ɗaya daga cikin masu tuƙa Alfadara da kwamfuta, ta leƙo rumfa ta ce ya zo ya ga abin mamaki.

Hoton faifan hasken rana ne. Makon da ya wuce jajir yake da ƙura kamar an barbaɗa masa barkono. Yau ga shi fes, yana walƙiya.

"Wa ya goge?" in ji Chebo. Ya san tambayar banza ce, amma ita ce ta fito.

"Guguwa," in ji Doreen, hannunta a kan baki. "Guguwa ta bi ta kanta ta share ta tas. Batir ya cika, Chebo. Ya cika maƙil kamar ranar da ta sauka."

Manyan injiniyoyi suka yi cirko-cirko, kowa da farantin kek a hannu, ba mai ci. Ba wanda ya saka guguwa a lissafi. Aka ƙara wa aikin wata shida. Chebo ya sauke akwatinsa, ya buga wa Hilario waya.

"Ta mutu?"

"A'a, Yaya. An ce dai sanyin can ba za ta iya shi ba. Da ya shigo, an gama."

"Kai dai ka cika ɗan banza. Injin da aka ce ya mutu ma ka hana shi mutuwa."

Sanyin ya shigo ya fita. Alfadara ta kwanta a gefen tudu tana fuskantar rana, ta yi ta barci, da gari ya yi ɗumi ta tashi ta ci gaba da tafiya.

A shekara ta biyu aka aurar da 'yar Hilario. Chebo ya ɗauki hutu ya kwana biyu a gida, ya ci tamale, wato alalar masara irin ta mutanensu, har ya kasa sunkuyawa, ya yi rawa da Ofelia matar yayansa. Ya bar rumfa yadda take, yashin duk sawun taya, da niyyar in ya dawo ya gyara. Da ya dawo ya tarar da cibiyar kamar gidan makoki. Tun safiyar da ya tafi Alfadara ba ta amsa ba. Ana kira, shiru. Aka shafe fiye da mako ana kira.

Ya kamata ya yi murna, ga hanyar gida ta buɗe. Amma murnar ta ƙi zuwa. Ba gwajin da ake yi, ba abin da zai taɓa, hannunsa na ƙaiƙayi. Sai ya ɗauki manjagara ya shiga baje yashin da ya bari, don kawai kada ya zauna. Yana kaiwa ƙarshen rumfar ya ji ihu daga bene. Alfadara ta amsa.

Kowa ya san dalili daga baya. Ƙwaƙwalwar kwamfutarta ce ta cika ta rikice. Amma a ranar Doreen ta sauko rumfa, idanunta sun kumbura don rashin barci, ta dubi yashin sumul, ta dubi manjagara.

"Yaushe ka share?"

"Yanzun nan."

"Ranar da ka tafi fa?"

"Ban share ba."

Ta kama masa hannun riga. "Chebo, don Allah, kullum kafin ta farka ka share yashin nan."

"Haba, Direba! Ke da kika yi karatu har ya ishe ki?"

"Na sani. Ni na gano matsalar da hannuna, na san ba yashi ba ne. Amma ka share."

Ba abin dariya ba ne a wurin. Mutanen da suka jefa inji ya tsallaka sama ya sauka inda suka nufa, su ne ke da mai cin gyaɗa duk ranar babban aiki, da mai rigar da ba ya wankewa, da wadda ba ta zama sai a kujera ɗaya. Wanda duk dukiyarsa ke inda hannunsa ba ya kaiwa, dole ya nemi abin riƙewa. Chebo ya ce to. Shi kuwa in ya ce to, ya gama magana.

Daga ranar bai sake fashi ba. Asabar, Lahadi, Kirsimeti, da mura, da ciwon baya. Ko wace sa'a saƙon ya faɗo, kafin nan ya zo ya buɗe rumfa ya baje yashi ko da ba a taka shi ba. Tun yana yi don Doreen har ya koma yi don kansa. Idan motoci suka cushe a hanya ya ga zai makara, sai hankalinsa ya tashi kamar ya bar jariri a ɗaki.

Shekaru suka yi ta tafiya. Yaran da aka haifa makon da Alfadara ta sauka suka shiga makaranta. Tayarta ɗaya ta ƙage, aka koma tuƙa ta da baya tana jan ƙafa. Ta ƙasa ma ta tsufa, kayan gyaranta suka ƙare, don ba wanda ya tanadi na fiye da wata uku, Chebo ya dinga ƙera mata da hannu. Duk shigowar sanyi injiniyoyi su ce wannan karon kam ba makawa. Duk fitarsa su tsaya suna kallon allo baki buɗe. Chebo ya yi furfura yana kiran Bakersfield da magana ɗaya.

"Yaya jikin marar lafiyar taku?" Hilario zai ce. "Har yanzu tana shan romo? A gaishe ta. Ka ce mata ni ma ina nan ban mutu ba."

Zuwa gida ya koma na Lahadi, in lokacin saƙo ya ba da dama, sau ɗaya a wata, wani lokaci a wata biyu. Ya tsallaka dutsen da ke tsakanin garuruwan biyu, ya sha miyar tumbin da Ofelia ta dafa, ya juyo. Kullum yakan tarar da gareji a buɗe, motoci biyu ko uku a ciki, Hilario na zaune a kujera ya cusa hannaye a hammata.

"Ko Lahadi ba ka hutawa, Yaya?"

"Wani ɗan iska ne ya gudu ya bar ni da aiki. Ka san shi?"

"Kawo in taya ka da wannan kafin in wuce."

"Kada ka taɓa! Hannun da ya saba da yashi me ya sani? Je ka ci abinci."

Sai Chebo ya yi dariya ya shige gida. Daga baya ma in ya buga waya Ofelia ce ke ɗauka, ta ce Hilario na ƙarƙashin mota.

A shekara ta sha ɗaya, wata Talata da rana, mai gadi ya kira rumfa ya ce wata mata na jiransa a ƙofa, ba ta da katin shiga. Ofelia ce, tsaye a rana da jakarta a ƙirji. Ba ta taɓa zuwa ba.

"Lafiya, Ofelia? Me ya faru?"

"Gobe da safe za a huda kan yayanka."

Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Hannunsa ne. Shekara huɗu ke nan yana karkarwa. Yanzu ko cokali ba ya kaiwa baki. Za su sa masa waya a ƙwaƙwalwa, kuma idonsa biyu za a yi, don sai yana motsa hannu suna gani. Ya ce in na gaya maka ya sake ni. To ya sake ni ɗin."

"Shekara huɗu? Ai watan jiya na je! Na ga motoci, na ga..."

"Motar maƙwabcinmu Don Anselmo ka gani, da ta surukinmu, da tawa. Gareji ya fi shekara a rufe, Chebo. Duk ranar da ka ce za ka zo, ni nake bi gida-gida ina aro motoci, in buɗe musu kai, in watsa sifanu a ƙasa. Shi kuma ya zauna ya danne hannayensa har ka tafi. In ka tafi sai ya kwana biyu yana jinyar kafaɗa." Ta gyara riƙon jakarta. "An ce kai daga nan kana gane ciwon tayar da ke wata duniya. Na yi ta jira ka ce masa, Yaya, miƙo mini hannunka."

Da ya buɗe baki, abin da ya fito ya fi shiru muni.

"Gobe da hantsi Alfadara ke farkawa."

Ofelia ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ina cikin mota," ta ce. "Ba zan daɗe ba."

Ya hau bene da gudu, abin da gwiwarsa ta daɗe da hana shi. Yawancin fuskokin ofishin sababbi ne, tsofaffin sun koma wa sabuwar motar da ake ƙerawa. Doreen ce kaɗai ta rage, yanzu ita ce shugabar masu tuƙi, da tabarau a kan hanci. Ya faɗa mata a tsaitsaye.

"Wayyo, Chebo! Tafi mana, me kake jira? Ka ɗauki mako, ka ɗauki wata."

"Ga makullin rumfa. Manjagara na bayan ƙofa. Daga gabas ake farawa, kada ki bar sawun takalminki."

"Ai ba mu da gwaji gobe."

"Ba gwaji ba. Yashin. Kafin ta farka."

"Wane yashi?"

Ta yi tambayar da zuciya ɗaya, tana kallonsa. Can sai fuskarta ta sauya, ta cire tabarau a hankali.

"Kai! Chebo! Kada ka ce mini har yanzu kana yi."

"Ke kika ce kullum."

"Na ce... Allahna. Ranar ban yi barci ba, ban san ma abin da nake faɗa ba. Na ɗauka mako biyu ka yi ka bari. Da nake ganin motarka ranar Lahadi, na zaci zaman gida ne ba ka so." Ta dafe kai da hannu biyu. "Shekara tara? Ba ka taɓa fashi ba?"

Ya dubi makullin da ke tafin hannunsa, ya mayar aljihu, ya sauka.

Ya bi motar Ofelia a baya har suka tsallaka dutse. Bai kunna rediyo ba. Da suka isa, garejin ya fara gani, a rufe, ciyawa ta fito ta tsagar siminti, yanar gizo-gizo a jikin kwaɗo. Hilario na zaune a falo, an aske masa kai ƙwal saboda tiyata. Ya ga ƙaninsa, ya ga matarsa, ya gane.

"Munafuka," ya ce mata. Sannan ya juyo. "Ta mutu ne?"

"Tana nan."

"To uban me ya kawo ka?"

"Ubanmu ɗaya, Yaya, ka bi a hankali."

Hilario ya yi yunƙurin cusa hannaye a hammata, ya ga ba amfani, ya sake su a kan cinya. Suka hau tsalle kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa. Hannayen da Chebo ya sani suna kwance noti mai tsatsa ba tare da mai ba. Ya durƙusa ya kama na dama da hannu biyu ya danne, amma karkarwar ta bi ta cikin nasa har kafaɗa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In ce me? Ka ce ranar da ta mutu za ka dawo. Ni mai roƙo ne? Na ce bari in ga ni da ita wa zai riga wani gajiya." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shegiyar ta fi ni ƙashi."

Washegari da safe aka shiga da shi. Chebo da Ofelia suka zauna a kujerun roba na asibiti. Hantsi ya ɗaga. Ya san sa'ar farkawar Alfadara ba sai ya duba agogo ba, jikinsa ya sani. Duk abin da Doreen ta faɗa jiya bai hana shi fargaba ba. Can a rumfa ga yashi nan yadda aka bar shi da sawun taya, ƙofa a kulle, makulli a aljihunsa. Ya riga ya sa a ransa ya kashe Alfadara. Ya ma fara tunanin da wane ido zai dubi mutane.

Wayarsa ta yi ƙara. Doreen ce ta turo hoto: jan fili, tudu daga nesa, da doguwar inuwar wuyan Alfadara a ƙasa. A ƙarƙashi ta rubuta cewa ta farka lafiya lau, batir ma ya fi na jiya.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya miƙa wa Ofelia, ta duba, ta mayar masa. Ya tashi ya fita wurin ajiye motoci, ya tsaya jikin a-kori-kurarsa. Kuka ya ƙi zuwa. Ya ɗaga ƙafa ya shuri taya, ya sake shura, har wata ma'aikaciyar jinya da ke shan taba ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce lafiya. Ya koma ciki yana ɗingishi.

Tiyata ta yi rabin aiki. Hannun dama ya lafa har Hilario na iya riƙe kofi da aske gemunsa. Sifana kam ta fi ƙarfinsa har abada. Chebo bai koma Pasadena ba, ya aika musu makulli da katinsa ta gidan waya. Ya cire ciyawa, ya buɗe gareji. Masu kawo gyara sun riga sun saba da wasu wurare, a wata na farko motar Don Anselmo kaɗai ya gani, wannan karon da lalacewar gaske. Hilario ya sa aka fito masa da kujera bakin ƙofa. Duk manomin da ya gifta sai ya ƙwala masa kira da sunan kakansa, ya zage shi, ya ce ya kawo taraktar nan tasa mai tarin fuka ƙaninsa ya duba, in ya so a harba ta sama. Da haka suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Maganar shekarun da suka wuce ba wanda ya sake tayar da ita tsakaninsu. Chebo ne ke ɗaure masa igiyar takalmi da safe, shi kuma yana ce masa ya ɗaure kamar mai jin yunwa.

Shekara biyu da rabi suka samu a haka. Sai ciwon huhu ya kwantar da Hilario a cikin sanyi, bai tashi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta gidan ya cika da dangi. Chebo na ta jigilar kujerun aro daga mota zuwa tsakar gida. Wani ya kunna talabijin a falo ya rage murya. Yana wucewa da kujeru biyu, ɗaya a kowane hannu, sai surukin Hilario ya ce, "Kawu Chebo, zo ka ga motarka!"

Labarai ake yi. An nuno sabon hoto, Alfadara ta kai bakin wani ƙaton rami da ta yi shekaru tana nufa, tana jan tayarta guda, ta leƙa ciki. An nuno matasa a ofis suna tafi, ba wanda ya sani a cikinsu.

Ya tsaya a ƙofar falo da kujerun a hannu, bakinsa a buɗe.

"Har yanzu?" ya ce.

Ofelia ta zo ta bayansa da tukunyar wake, ta miƙa hannu ɗaya ta kashe talabijin.

"Matsa, Chebo. Mutane na tsaye a waje ba wurin zama."